Ba Mu Kai Tapowa Ba

Shekara talatin da ɗaya, Illa,
kana nuna wa yaran lakkol Tapowa da sillen kara,
wani siririn zare shuɗi can ƙasan taswira,
kai kanka ba ka taɓa taka wurin ba.
Ran da kuɗin ritaya suka fito ka ce,
Habsu, ɗaura kaya,
mu je mu ga inda ruwa ya yanka dutse
tun gwiwa ba ta ƙi ba.

Na turara dambu da zogale,
na naɗe kilishi a takardar siminti,
jarka biyu ta ruwa, ɗaya tamu, ɗaya ta mota,
don na san halin Fijon nan,
ta girmi ɗiyarmu ta fari
ta kuma fi ta shagwaɓa.

Mun haye tsohuwar gada ana sallame asuba.
Kogi a ƙarƙashinmu kalar shayi da madara,
masu jirgi suna jefo kabewa gaɓa, hannu zuwa hannu.
Ka fara lissafi: Say, sai Tamu, sai jar hanya,
sai ɓauna, gwanki, ƙila ma giwa.
Na ce ka dubi gabanka,
ga amalanke.

A shingen jandarma wani saurayi ya leƙo,
ya dubi takardu, ya dubi furfurarka.
Malam, ba ka shaida ni ba?
Ni ne Sadisu na bencin baya,
wanda ka sa ya zana kogi sau arba'in.
Ya yi dariya, sannan ya rage murya:
Malam, can ba wurin yawo ba ne yanzu.
Ko mahaifina ne, juyo da shi zan yi.

Ka juya kan mota ba ka ce uffan ba.
Na san shirun nan.
Shi ka yi ran da aka rushe ajinka na zana.

Daf da Sagiya Fijo ta fara tari,
hayaƙi ya taso, ka buɗe mata baki,
na miƙa maka jarkarta.
Kafin ta huce na zaga bayan wata garka,
sai ga ƙasa ta ƙare a gaban takalmina.

Illa, zo ka gani.

Kwazazzabo ne da damina ta haƙa,
zurfinsa ya yi gaba uku.
Ja a sama, fari a tsakiya, ƙasa kamar garin kuka,
tsuntsaye sun huda bangon kamar rariya.
Rabin ɗakin wani yana rataye a baki,
da ƙusa a jikinsa, ba a ko cire ba.
Leda baƙa ta maƙale a saiwar aduwa.

Ka sauka da baya kamar mai shiga rijiya,
ina riƙe da gefen rigarka, ina faɗa.
Can ƙasa yara uku na loda yashi a kura.
Ka tsinci kara.
Wayyo, na ce, an taɓo shi.

Wannan jan, ka ce, ƙarfe ne ya yi tsatsa.
Wannan farin ya girmi kakan kakanku.
Ruwa ba ya gaggawa, amma ba ya fashi.
Ƙaramin ya ce, Baba, bara nan gonar albasa ce.
Ka yi tsit.
Ka ce ya maimaita, a hankali,
ka lalubi biro a aljihu.

Nan muka ci dambun, mu biyar,
jaki yana kallonmu.
Kilishin bai kai ko'ina ba.

Mun shigo Yamai kafin la'asar.
Maƙwabciya ta leƙo ta katanga: har kun dawo?
Kun ga giwar?
Na ce mun ga abin da muka gani.

Yanzu kana barci, jar ƙasa a bakin wandonka,
ban kakkaɓe ba.
Taswirar tana nan bisa bango,
da wani ɗigon biro kusa da gida
wanda babu shi jiya.